Fuskar Gida ta Mai Wucewa Ce: Zanen Gine-ginen Birnin Zazzau da Baƙin da ke Zuwa Kallonsu

Laccar da aka gabatar a unguwar Limancin Kona, cikin birnin Zariya



     

Tsayuwa a Limancin Kona a yi magana abu ne mai nauyi. Unguwa ce da aka sani da karatu tun kaka da kakanni, kuma Limamin Kona na cikin mutum biyar da ke zaɓen Sarkin Zazzau, tare da Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a. Don haka ban zo koya wa kowa karatu ba. Na zo ne da wani allo da muka daɗe muna wucewa ta gabansa ba mu biya shi ba, wato bangon gidajenmu.

Bara wani abokin karatuna ya zo mini daga Damagaram, ya ce kwana biyu kawai gare shi, in zaga da shi ya ga Zariya. Na shirya a raina za mu tafi Samaru da Sabon Gari. Ba mu yi nisa da gida ba sai na waiwaya na ga ya tsaya a wani lungu, ya zuba wa wani tsohon zaure ido. Rabin yaɓen ya zube, amma a saman ƙofar akwai dagi da aka fitar da hannu, da takobi a kowane gefe, da wani ɗan keke a ƙasa. Ya tambayi samarin da ke zaune a wurin ko wane ne ya yi wannan aiki, suka dubi juna. Sai wani tsoho da ke kan dakali ya ce an yi shi ne a zamanin Sarki Ja'afaru, lokacin da mai gidan zai yi aure, kuma keken nan nasa ne, shi ya fara sayen keke a layin. Baƙona ya yi kusan rabin sa'a a gaban zauren nan. Tun ranar nake ta tunanin abin da zan faɗa muku yau.

Abin da baƙo ke zuwa nema

A ƙasashe da yawa, idan mutum ya sami hutun kwana biyu ko uku yakan ɗauki jaka ya tafi wani gari yawon buɗe ido. Abin da yake nema shi ne abin da garin ya ajiye a fili don kowa ya gani kyauta, kamar mutum-mutumi a shataletale, ko zane a jikin dogon gini, ko tsohuwar gada. Wasunmu kan ce ai mu ba mu da irin wannan, tunda addininmu da al'adarmu ba su karɓi sassaƙa siffar mutum a kafa a dandali ba. Gaskiya ne ba mu bi wannan hanya ba. Magabatanmu sun bi wata dabam, sun ɗora adonsu a fuskar gida.

Ku duba yadda gidan Bahaushe yake. Ciki na iyali ne, namiji baligi ba ya wuce zaure sai da izini. Amma bangon da ke kallon hanya, mai gidan ba ya ganinsa idan yana ciki. Wanda ke ganinsa shi ne almajiri da mai tallar ƙosai da makwabci da baƙon da ya shigo gari yau. Saboda haka duk wanda ya kira magini ya biya shi ya yi masa zane a ƙofar gida, kyauta ya yi wa masu wucewa. Abin da nake so ku riƙe daga laccar nan ke nan: fuskar gida ta mai wucewa ce. Gidan kallonmu shi ne lungunan birni, ba shi da mai gadi, ba a biyan kuɗin shiga.

Mu zaga gari tare

Bari in ɗauke ku kamar ku ne baƙin. Za mu fita da hantsi, ko kuma bayan la'asar, domin zanen ƙasa yana son rana ta buge shi a kaikaice. Da tsakar rana bango kan baje, amma idan rana ta karkata sai inuwa ta shiga kowane layi, zanen ya tashi tsaye. Kuma a ƙafa za mu tafi. Wanda ke cikin mota kwalta kawai yake gani.

Za mu fara daga Ƙofar Doka, inda mai zuwa daga Tudun Wada ke shigowa. A nan za mu nuna wa baƙo abin da ya rage na ganuwa, wadda ta zagaye birnin da tsawon fiye da kilomita 10, mu lissafa masa ƙofofi: Doka, Kona, Gayan, Kuyambana, Tukur-Tukur, Bai, Jatau, Galadima. Za mu ba shi labarin Sarauniya Amina 'yar Bakwa Turunku, wadda har yau ake kiran tsofaffin ganuwoyi a wurare da dama da sunanta. Idan muka miƙe ta Babban Dodo za mu ce ya saurari sunayen unguwanni, Rimin Tsiwa da Rimin Doko da Rimin Danza, ya gane cewa wannan gari ne da ya girmama itatuwan riminsa har ya raɗa wa unguwanni sunansu.

Daga nan sai ƙofar fada. Wannan ita ce fuskar da duniya ta fi sanin Zazzau da ita, da launukanta da dagoginta da zankwayenta masu nuna sama. Wanda ya zo lokacin Sallah zai ga adon ya sauko daga bango ya hau doki, a jikin lifidi da jalala da alkyabba, ranar Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe.

Amma a masallacin Juma'a za mu fi daɗewa, domin nan ne tushen maganar. An gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani Malam Mika'ilu, kuma har yau akwai unguwar Babban Gwani a cikin birnin nan inda zuriyarsa suke. Ina so yaran da ke nan su fahimci girman abin da mutumin nan ya yi da ƙasa da itace kawai.

Magini yakan kwaɓa ƙasa da ruwa da ciyawa, a tattake ta, a bar ta kwanaki ta ruɓa, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Da shi ake tada bango, mai kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuma da azara ake yinsa, wadda ake tsagowa daga gangar giginya, saboda gara ba ta cinta da sauƙi. To amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan faɗin ya wuce kamar mita 2. Ta yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki sahun masallata? A nan hikimar take. Sai a dasa azara a jikin bango tana leƙowa, a ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, daga wannan gefe da wancan gefe, har su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakan gizo ya gitta wani a tsakiyar rufi, sai a sami ɗaurin guga, a kansa kuma a ɗora tulluwa. Sau da yawa akan lika tasa ko faranti a daidai mahaɗar, ta zama kamar cibiyar ɗakin. Babban Gwani ya tada ginshiƙai masu kauri, ya yi musu zane mai zurfi, ya sa bakan gizo suna fitowa daga jikinsu kamar rassan itace. Ya yi lissafin nauyi da ƙarfi ba tare da takarda ba, kuma lissafin ya tsaya shekaru masu yawa.

A shekarun 1970 aka sabunta masallacin, aka yi ginin siminti ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon. Har zuwa 2023, kafin wani sashe nasa ya rufta, wanda ya shiga yakan ga sauran aikin Babban Gwani a ciki. Kafin sabuntawar nan wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna ginin ya zana shi, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A Kafin Madaki ta jihar Bauchi ma akwai ginin da ake kira Babban Gwani, aikin wannan bawan Allah. Ya kamata kowane ɗan makaranta a Zariya ya san sunansa kamar yadda ya san sunan Amina.

Alƙalami, allura da hannun magini

Yanzu sai mu baro fada mu shiga lunguna, har mu iso nan Limancin Kona. A da ado ya fi yawa a cikin soraye na sarakuna da masallatai. Zanen waje ya bunƙasa ne a ƙarni na 20, bayan jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, cinikin auduga da gyaɗa ya kawo kuɗi hannun 'yan kasuwa da masu sana'a. Sai maɗinki da mahauci da ɗan kasuwa suka sami halin yi wa ƙofar gidansu ado. Abin ya ja hankalin baƙi har Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu zane a 1963, daga baya Friedrich Schwerdtfeger ya shafe shekaru yana bin gidajen nan yana ɗaukar hoto yana tattaunawa da magina.

Hanyoyin zanen uku ne. Mafi tsufa shi ne a fitar da shi da yatsu a jikin ɗanyen yaɓe, ya yi tudu da kwari. Na biyu, wanda ya zo da siminti, shi ne a tsaga zanen da wuƙa ko ƙarfe kafin shafen ya bushe. Na uku shi ne a zana da fenti a kan bango mai santsi. Don kare bango daga ruwa, magabata suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina da gashin jima daga majema da dafara daga daji. Ku lura da wannan. Bango ɗaya yana buƙatar marini da majemi da mai saran giginya da mai jakin ɗaukar ƙasa. Ginin gari aikin gari ne gaba ɗaya.

Idan kuka tsaya a gaban irin wannan bango, ku malamai za ku ga abin da kuka sani. Layin da ke shiga ya fita, ya naɗe ya warware, ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa, shi ne wanda mai zayyana ke yi a allon yaron da ya sauke Alƙur'ani. Shi ne kuma wanda maɗinki ke yi a wuya da aljihun babbar riga, a gefen aska biyu ko aska takwas, sana'ar da birnin nan ya shahara da ita. Alƙalami da allura da hannun magini daga rijiya ɗaya suka sha. Saboda haka kada wani ya ɗauka zanen bango baƙon abu ne a unguwar malamai. Ɗan'uwan zayyana ne, sai dai shi an fito da shi waje.

Kuma bangon yana ba da labari. Takobi yana nuna gidan sarauta ko jarumta. Keke da agogo da mota da jirgin sama suna nuna abin da ya burge mutanen wancan zamani, ko abin da mai gidan ya mallaka, ko tafiyar da ya yi. Magabatanmu ba su ji tsoron sabon abu ba, sun ɗauke shi sun sa shi a cikin dagi.

Idan baƙo yana da kwana na biyu, sai mu fita da shi bayan ganuwa. Ya hau dutsen Kufena ya hango birnin daga sama. Ya biya Wusasa ya ga cocin da aka gina a 1929 da tubali da azara da bakan gizo, shaidar cewa hannun maginan Zazzau ya yi wa kowa aiki. Ya je Tudun Wada ya ga Kamfanin Gaskiya, tsohon gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam yana editanta. Ya ƙarasa Samaru, sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello. A nan Zariya ne a 1958, kafin a kafa jami'ar a 1962, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turawa ba, za su haɗa abin da suka koya a aji da abin da suka gada a gida. Wannan tunani ya sauya fasahar zane a Nijeriya baki ɗaya. Demas Nwoko ya ci gaba da gini da jar ƙasa, kuma a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo a bajekolin gine-gine na duniya da ake yi a Italiya.

Inda bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Namu ya tsage, kuma ya kamata mu faɗi dalilan a fili. Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara: a gyara indararo kafin damina, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Idan mai gida ya rasu aka raba gado, zaure yakan zama na kowa, abin kowa kuwa ba mai gyara shi. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Marina da yawa sun mutu, katsi ya yi wuyar samu. Wasu da kyakkyawar niyya sukan shafe bangon ƙasa da siminti, amma siminti ba ya barin danshi ya fita, sai ƙasar ta jiƙe daga ciki, wata rana shafen ya ɓallo da zanen gaba ɗaya. Lokacin zaɓe ana manna fastoci a kan aikin da ya girmi kakan mai mannawar. Ganuwa kuma ana ɗibar ƙasarta, ana gini a kanta, ana zuba mata shara.

Abin da ya fi damuna ya wuce waɗannan duka. Mun fara jin kunyar ginin ƙasa, muna ganinsa alamar talauci. Ɗan magini ya ga ba a kiran ubansa aiki, sai ya koma acaɓa. Ba na zarginsa. Sana'a da ciniki take rayuwa, idan ba mai saye hannu zai manta.

Mu dubi makwabta. A Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye har yau saboda duk shekara mutanen gari, maza da mata da yara, suna fitowa rana ɗaya su yaɓe shi, har ranar ta zama biki. A Agadas, tsohon garin da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27 sun shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya gina masallacin Juma'a na ƙasa wanda ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Waɗannan mutane ba su fi mu ƙasa mai kyau ba, ba su fi mu gwanaye ba. Sun riƙe nasu ne kawai.

Abin da za mu iya yi da hannunmu

Ba zan ce kowa ya rushe bulo ya koma tubali ba. Abin da nake roƙo yana cikin ikonmu.

Ga masu hali, idan za ku gina ko ku gyara gida, ku ware fuskar zaure ku kira mai zane na gida ya yi mata ado, ko da a kan siminti ne, maimakon a lulluɓe ta da tayil. Kuɗin da za ku ba shi ne zai sa ɗansa ya koyi aikin. Wanda kuma ya gaji tsohon zaure mai zane, ya nemi shawarar tsofaffin magina kafin ya taɓa shi.

Ga matasa masu wayar hannu, ku bi unguwar nan gida gida da izinin masu gida, ku ɗauki hoton kowane zane da ya rage, ku zauna da tsofaffi ku rubuta sunan maginin da zamanin da aka yi shi da dalilin yinsa. Tsohon da ya ba baƙona amsa ba zai dawwama a kan dakali ba. Wanda ya tattara wannan ilimi shi ne zai iya yi wa baƙi jagora gobe ya sami halalinsa, domin da ɗan gari kan ci gari.

Ga malaman makarantun allo da Islamiyya da na boko, ku fita da yara ko sau ɗaya a zango, ku kai su inda tsohon ginin ƙasa ya rage su ɗaga kai su ga ɗaurin guga. Ga dattawan unguwa, ku sa mana rana ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, mu yi gayyar gyaran tsofaffin zauruka da share gindin ganuwa ta wajen Ƙofar Kona, ku kuma hana manna takarda a bangon da ke da zane.

Baƙo ma yana da nasa haƙƙin da zai sauke. Ya yi sallama, ya tsaya a zaure, ya sa suturar da ta dace da gari, kada ya ɗauki hoton mutum ko na mata ba da izini ba, kuma idan lokacin salla ya yi ya ba masallata wuri. Mu kuma mu tarbe shi da sakin fuska da ruwan sha, mu nuna masa inda zai ci masa ya sha fura, inda zai sayi hula da riga daga hannun wanda ya ɗinka.

Malamaina da iyayena, wanda ya sa aka yi zanen nan na dagi da takobi da keke ya daɗe da rasuwa, maginin ma haka. Ba su san abokina na Damagaram ba, amma sun ajiye masa abin da ya tsayar da shi a lungu ya faranta masa rai bayan shekaru masu yawa. Mu ma wasu za su bi ta ƙofar gidajenmu bayan ba mu. Ina roƙonmu mu bar musu abin da za su tsaya su kalla, su tambayi wanda ya yi, a kuma sami yaro ɗan Limancin Kona da zai faɗa musu sunansa.

Allah ya jiƙan Babban Gwani da duk maginan da suka ƙawata mana gari. Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu. Allah ya ƙara wa Sarkin Zazzau lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure malamai su gyara mini.